“Da Sauƙi”: Tsakanin Kawaicin Majinyaci da Aikin Likita

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Yelwa, cikin garin Mubi, wanda ’ya’yansa suka haɗa kuɗi aka kai shi ƙasar waje aka sa masa gwiwar ƙarfe. Hoton ƙashi ya nuna aiki ya yi kyau, miki ya kame, likita ya sallame shi. Duk wanda ya je dubiya amsa ɗaya yake samu: “Alhamdu lillahi, da sauƙi.” Amma har gobe bisa kujera yake salla a gefen sahu, domin gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa ya kai goshi ƙasa. Shin ya warke ko bai warke ba? Kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

Likitoci ma sun yi wa kansu wannan tambaya. Bincike a ƙasashen Turawa ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa ba ya gamsuwa da sakamakon. A 1998 masana a Jami’ar Oxford suka fito da tambayoyi 12 waɗanda majinyaci ke amsawa da kansa, a kan zafin dare, saukar matakala, durƙusawa da miƙewa, da makamantansu. Daga 2009 hukumar lafiya ta Ingila ta fara tattara waɗannan amsoshi kafin aiki da kuma wata shida bayansa, don asibitoci su gane inda suka gaza su gyara. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan gida muna da asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, kuma kawo mana irin wannan takarda ba abu ne mai wuya ba. Wuyar tana cikin tarbiyyarmu. An rene mu da kunya da kawaici, har muna ganin kai kuka ga wanda ya yi mana aiki butulci ne, ko kuwa rashin yarda da ƙaddara. A ganina mun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Haƙuri tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Bayani kuwa haƙƙi ne na ɗan’uwan da zai hau gadon tiyata bayanka. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya hana likita ilimi, ya bar na baya cikin duhu.

Likita ma da nasa nauyin. “Yaya jiki?” gaisuwa ce, kuma amsarta sananniya ce. Sai ya tambayi majinyaci da harshensa, a kan rayuwarsa: sujada, zaman tabarma, tsugunno a bayan gida, hawan babur. Da wani ya yi wa na gabansa waɗannan tambayoyi, da dattijonmu ya san abin da zai samu da wanda zai rasa tun kafin ’ya’yansa su sayar da gona.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.