Waziri ko Magaji? Tunani a Kan Zaɓen Abokin Takara

Washegarin Babbar Sallah, ranar 10 ga Yulin 2022, Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a Daura cewa Kashim Shettima ne abokin takararsa. A daren nan gardama ta kaure a majalisar unguwarmu har mai shayi ya kashe wuta. Wasu suka ce an tauye wa Kiristocin ƙasar nan haƙƙinsu. Wasu suka ce lissafin ƙuri'a ne kawai, suka kafa hujja da 1993, lokacin da Abiola da Babagana Kingibe, dukkansu Musulmi, suka tsaya tare. Can da muryoyi suka dushe, wani dattijo tela da bai ce uffan ba tun farko ya yi tambaya: "To, samari, in ta Allah ta kasance ga mai gidan, kun yarda wannan ya riƙe ku?" Ba wanda ya amsa. Mun kwashe sa'o'i muna auna addinin mutumin da jiharsa da yawan ƙuri'un da zai jawo, amma ko ɗayanmu bai auna shi a matsayin shugaban ƙasa ba.

Tambayar telan ita ce ainihin abin da tsarin mulki ya tanada. Sashe na 142 na kundin 1999 bai yarda ɗan takara ya tsaya shi kaɗai ba, sai da abokin takara daga jam'iyyarsa. Sashe na 146 kuma ya ce idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimakinsa ne zai hau, ba tare da an koma rumfar zaɓe ba. Ashe ranar da ɗan takara ya ambaci sunan abokin tafiyarsa, wasiyya ce yake rubutawa, kuma abin da ya yi wasiyyar da shi ba gadon ubansa ba ne, rayuwar miliyoyin mutane ce.

Ina ɗan firamare muka ga yadda ake zartar da irin wannan wasiyya. A Nuwamban 2009 aka tafi da Umaru Musa 'Yar'aduwa Saudiyya jinya, ba tare da an aika wa majalisa takardar miƙa mulki ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san mai riƙe da linzami ba, sai a ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta fake da hujjar larura ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Ranar 5 ga Mayu 'Yar'aduwa ya rasu. Jonathan, wanda ko gwamnan Bayelsa bai zama ba sai da aka tsige maigidansa a 2005, ya mulki Nijeriya har 2015. Da ya ɗauko Namadi Sambo ya zama mataimakinsa, sai kujerar Kaduna ta faɗa hannun Patrick Yakowa. Da Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disamban 2012, sai ta koma ga Ramalan Yero. Ba ina yanke wa ɗayansu hukunci ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, duk waɗannan mutane sun hau ne ta ƙofar da masu zaɓe ba su tsaya sun leƙa ba. 'Yan siyasa kan kira mataimaki safayar taya don su rena shi. Kwatancin bai yi laifi ba, sai dai direban kirki yakan duba iskar safayarsa kafin ya ɗauki fasinja.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa cancanta kaɗai za a duba, a watsar da batun yanki da addini ba. Maganar tana da daɗin ji a zauren jami'a, amma ta manta da tarihin ƙasar da ake magana a kanta. A 1979, shekara tara kacal bayan ƙare yaƙin basasa, Shehu Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme, Ibo daga Gabas. Ko da akwai lissafin ƙuri'a a ciki, akwai kuma saƙo ga mutanen da aka ci da yaƙi cewa har yanzu suna da wurin zama a gidan. Sashe na 14 na tsarin mulkinmu ma ya nemi gwamnati ta kasance tana nuna fuskokin ƙasar duka. Wanda ya duba sama bai ga mai kama da shi ba, ba haka kawai yake jin an mai da shi saniyar ware ba. Shi ya sa nake ganin koken 2022 bai cancanci a yi masa dariya ba. Duk wanda ya ce a lokacin addini ba kome ba ne, sai ya tambayi zuciyarsa ko zai maimaita haka da a ce 'yan takarar biyu daga ɗaya addinin suka fito. In zai maimaita, ra'ayinsa aƙida ce. In ba zai iya ba, son kai ne ya sa rigar aƙida.

Sai dai daidaito ma yana da iyakarsa, kuma Amurka ta biya kuɗin koyon wannan. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, aka haɗa Abraham Lincoln da Andrew Johnson, ɗan Kudu daga jihar Tennessee kuma ɗan wata jam'iyyar, don a nuna haɗin kai. Niyyar kyakkyawa ce. A Afrilun 1865 aka harbe Lincoln, ragamar sake gina ƙasar ta koma hannun mutumin da ya hau kujerar naƙi a kan dokar kare haƙƙin bayin da aka 'yanta. Majalisar wakilai ta tuhume shi a 1868, ƙuri'a ɗaya ta cece shi a majalisar dattawa. An zaɓe shi don abin da yake wakilta, aka wayi gari abin da yake ƙudurce da shi a zuci ne ke mulki. Saboda haka ina ganin daidaito yana da ikon ya nuna wa ɗan takara unguwar da zai nema, amma ba shi da ikon ya ce kowane gida a unguwar ya wadatar. Babu yanki ko addini a Nijeriya da ya rasa mutumin da zai iya riƙe ƙasa.

To me ya sa sau da yawa ba irinsa ake ɗaukowa ba? Nan ne laifin da ya fi damuna yake, kuma ba a cika ambatonsa a gardama ba: tsoro. Tun da Obasanjo da Atiku suka raba gari, har Atiku ya yi takara a jam'iyyar AC a 2007 yana kan kujerar mataimaki, Kotun Ƙoli kuma ta ce shugaba ba shi da ikon korarsa, darasin da 'yan siyasa da yawa suka ɗauka shi ne a nemi mai sanyi, wanda ba shi da jama'ar kansa, wanda ba zai ɗaga kai ba. A tsarin sarautarmu an raba waɗannan matsayi biyu. Waziri yana ba da shawara, yana iya faɗa wa sarki gaskiya, don an san ba ya cikin masu gado. Waziri Gidado ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello hidima a kan haka. Masu jiran gado kuwa 'ya'yan sarki ne, kuma akwai masu zaɓen sarki da za su tace su. Tsarin shugaban ƙasa ya haɗa waziri da magaji a jikin mutum ɗaya. Ana so ya yi biyayyar wanda ba ya kwaɗayin kujera, a kuma same shi a shirye kamar wanda zai hau gobe. Ɗan takarar da ya ji tsoron magaji sai ya zaɓi waziri zalla, ko ma ɗan rakiya. Ya sayi kwanciyar hankalinsa ta shekara huɗu ke nan, ya bar wa talakawa biyan bashin in ya kau. Wannan, a ganina, cin amana ne, ko da doka ba ta hana ba.

Ba sai an yi mutuwa ba ma. A Agustan 2018, Buhari yana hutu a Landan, Yemi Osinbajo a matsayin muƙaddashi ya sallami shugaban hukumar tsaro ta farin kaya, Lawal Daura, a ranar da jami'anta suka tare ƙofar Majalisar Tarayya. Ko mutum ya yaba ko ya kushe, ya ga cewa ikon kwana goma ma iko ne. Kotu ita ma ba ta ɗaukar mataimaki a matsayin ado: a Fabrairun 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa saboda takardun abokin takararsa.

Mu masu zaɓe ma ba mu kuɓuta ba. An yi muhawarar 'yan takarar mataimaki a talabijin a Disamban 2018, amma a cikin abokan karatuna ƙalilan ne suka kalla, ni ma ban kai ƙarshenta ba. Takardar ƙuri'armu ba ta ɗauke da sunan kowa, tambarin jam'iyya ne kawai, don haka dangwale ɗaya yana amincewa da mutum biyu. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, ina cikin layi da katina a hannu, na tuna telan nan, na gwada tambayarsa a kan manyan jam'iyyu huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na san jihar kowane mataimaki, na san inda yake ibada. Da na nemi in tuna abin da ɗayansu ya taɓa faɗa game da farashin mai, ko 'yan bindigar da suka hana ƙauyen kakannina noma, sai na tarar ban taɓa nema ba. Layi ya iso kaina, aka shafa mini tawada.