Na Sama Ya Sha, Ya Saki: Ruwan Kogi na Waye?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Yake saukar da ruwa Ya raya ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Makon jiya bayan sallar la'asar, gardama ta kaure a harabar masallacinmu na nan Agege tsakanin wasu 'yan'uwa biyu, dukansu mutanen arewacin Yobe, gonakin gidajensu kuma a bakin mashigi ɗaya suke. Ɗaya ya tara kuɗi ya aika gida aka sayi injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ƙaninsa ya jera buhunan yashi a mashigin don ruwa ya taru inda bututun zai ja. Ɗayan kuwa lambun mahaifinsa yana can ƙasa, albasarsu ta fara yaushi. Mai injin ya ce, "Da kuɗina na saya, ruwan kuma ta bakin gonarmu ya fara bi, ina laifina?" Ɗayan ya ce, "Alhaji, injin naka ne, kogin fa?"

Dattawa sun shiga tsakani, an yi musafaha an watse. Amma tambayar ta biyo mu har gida, domin ba su kaɗai ta shafa ba. Idan ruwa ya fara ratsa gonarmu kafin ta maƙwabci, shin ya zama namu ke nan?

Bari mu fara tuna yadda ruwan yake isa ƙasarmu. Damina a Nguru da Gashuwa gajeruwa ce, wata uku ko huɗu an gama. Abin da ya raya wannan yanki tun kaka da kakanni shi ne ruwan da ya sauka a wasu ƙasashe can nesa. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi sai su rarrabu, su malale fadamu, sannan abin da ya rage ya haɗu wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Wannan malala ita ce arzikin. Idan ruwa ya hau, a shuka shinkafa, masunta su kama tarwaɗa da karfasa. Idan ya ja da baya, a bi danshin da wake da sauran amfani, makiyaya su sauko da shanu su samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Wanda ya nutse cikin ƙasa kuma shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyukan da ko kogin ba sa gani. Bade da Manga da Hausawa da Fulani, ruwa ɗaya suke ci, kowa da lokacinsa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa kusa da Ƙaraye. Tsakanin nan kuma ga farin shekarun 1970 da na 1980. Malalar da iyayenmu suka sani ta ragu ƙwarai. Sannan wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi tsammani ba. A da, kogin Haɗejiya yakan ƙafe da rani, ciyawar cikinsa ta bushe. Da aka koma sakin ruwa daga madatsu rani da damina, sai kacalla ta samu wurin zama. Ita da yashi suka toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, mafi yawansa ya karkata ta mashigin Marma ya nufi tafkin Nguru. Gonaki a can suka nutse, kacalla ta cinye su, jan-baki ya samu mafaka a cikinta yana fitowa yana cinye hatsi. Su kuma mutanen da ke kan hanyoyin da suka toshe suka zauna da busasshiyar fadama. Yau yawancin ruwan da ke wucewa ta Gashuwa na kogin Jama'are ne, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, mutanen Yobe da Borno suke tashi tsaye.

Kun ga ke nan, wani yana kukan ruwa ya yi yawa, ɗan'uwansa yana kukan babu, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa su duka.

To, kada mu yi saurin mai da mutanen Kano abokan gaba. Ruwan Tiga da Challawa shi birnin Kano yake sha. Na Tiga ne yake noma shinkafa da tumatir a Kura da Kadawa, kuma da yawa daga cikinmu da wannan tumatir ɗin muke neman abinci a kasuwar Mile 12. Manomin Kura bai saci komai ba. Sai dai kuma akwai lissafin da ba a yi ba tun farko. A littafin da ƙungiyar IUCN ta buga a 1993 a kan fadamun Haɗejiya da Nguru, masana sun haɗa kifi da itace da amfanin gona, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadamun yana samar da abin da ya fi na irinsa da aka tare a babban aikin noman rani na kogin Kano. Arzikin na ƙasa a warwatse yake, a hannun masunci da makiyayi da matar da ke saƙa kaba, shi ya sa bai shiga takardar masu awo ba.

Me addininmu ya ce a kan irin wannan? Mas'alar ta girmi Tiga nesa ba kusa ba. Madina ma garin lambuna ce, da kwaruruka masu kawo ruwa in an yi sama. Buhari ya ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam (RA) ya samu saɓani da wani mutumin Madina a kan magudanar da suke shayar da dabino. Gonar Zubairu ce a sama. Annabi (SAW) ya umarce shi ya shayar sannan ya saki ga maƙwabcinsa. Mutumin ya fusata, ya yi zargin an fifita Zubairu ne don ɗan gwaggon Annabi ne. Sai Annabi (SAW) ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, wato ya riƙe ruwan har ya kai gindin ganuwar fangalinsa. Imam Malik kuma a cikin Muwaɗɗa ya kawo hukuncin kwarin Mahzur da Muzainib: na sama ya tare har ruwa ya kai idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa.

Abu biyu ne a nan, kuma kowane ɗaya daga cikin masu gardamar nan tamu ya riƙe guda ya bar guda. Na farko, na sama yana da haƙƙin fara sha, ba a ce ya zuba ido gonarsa ta bushe don kunya ba. Na biyu, haƙƙin nasa yana da awo, kuma bayan awon sai saki. An ba shi gaba a layi, ba a ba shi kogin ba. Wannan ya dace da hadisin da Abu Dawuda ya kawo cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Malamai kuma sun gabatar da shan mutum da na dabba a kan shan shuka, don haka wanda ya zagaye mashaya da lambu ya rufe burtali, ya shiga haƙƙin da ya fi nasa ƙarfi.

Wani zai ce, to 'yan'uwanmu 'yan garuwa da ke tura kura a titunan Legas fa, ai sayar da ruwa suke yi. Haka ne, kuma halal suke ci. Ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a jarkarsa ya zama nasa, guminsa ne yake sayarwa. Sayyidina Usman (RA) ma sayen rijiyar Ruma ya yi kafin ya mai da ita wakafi ga jama'a. Amma kogi ba wanda ya haƙa shi, ba wanda ya turo shi daga Jos. Kuɗin Alhaji sun sayi inji da bututu, iyakarsu ke nan.

Inda abin ya fi shafar zamaninmu shi ne nan. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa. Mai jigo ko yana da son kai, kafaɗarsa za ta gaji kafin ya cuci na ƙasa. Da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injina da rijiyoyin burtsatse a shekarun 1990, gajiya ta daina tsayar da mutum, amma kuɗin fetur yana tsayar da shi. Da aka cire tallafin mai a 2023, manoma da yawa suka koma injin hasken rana, kuma alheri ne babba ga talaka. Sai dai shi wannan ba ya gajiya, ba ya shan mai. Daga hantsi har la'asar zai yi ta ja ko gona ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Awon da a da kafaɗa take yi, daga baya aljihu yake yi, yanzu ya koma kan zuciya kaɗai. Idan babu tsoron Allah a wurin, babu abin da zai kashe injin sai faɗuwar rana.

Kuma mu daina ganin kanmu a matsayin na ƙasa kullum. Mu da muke kukan Kano ta tare mana, mu ne na sama ga mutanen Gaidam da Damasak, da 'yan'uwanmu na Diffa da Bosso a Nijar. Abin da muka ɓarnatar a Gashuwa, daga tulunsu aka ɗebe shi. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno sun zauna a Damaturu tare da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da wannan kogi baki ɗaya, don an gane ba jihar da za ta iya gyara shi ita kaɗai. Wannan aikin hukuma ne, kuma muna da damar tambayar wakilanmu ina aka kwana. Amma mashigin ƙauyenmu ba sai gwamna ya zo ba.

Mu da muke zaune a kudu, hannunmu ba ya taɓa fartanya, amma kuɗinmu yana taɓa kogin. Saboda haka in za mu aika kuɗin inji, mu aika da sharaɗi. A zauna da bulama da masu gonakin ƙasa a raba kwanaki kafin a kunna. A daidaita fangali don kada gefe ɗaya ya zama tafki ɗayan yana ƙishi. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma inda hali ya yi, a rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko ciyawa, a yawaita takin gida domin yana riƙe danshi. Masu shinkafa kuma su sani ba dole ta kwana cikin ruwa kullum ba. Akwai dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa: a kafa guntun bututu mai huji-huji a fangali, a bar ruwa ya ja, sai an ga ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan a sake ba shi, ban da lokacin da take fitar da kai. Ana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ruwa ba tare da amfani ya ragu ba. Ga tanadi ga mai gona, ga rabo ga maƙwabci.

Sannan idan ƙauye ya sa ranar gayyar yankan kacalla da yashe mashigi, mu ma a sa mu a lissafi. Kuɗin abincin masu aiki, lauje, hayar kwale-kwale, duk ba su fi ƙarfin 'yan kasuwa goma ba. Muna rige-rigen haƙa rijiya don sadaka mai gudana, madalla. Buɗe hanyar ruwan da ta toshe wa ƙauyuka biyar ma shayarwa ce, ko da ba inda za a rubuta sunanmu.

Mun samu labari cewa mai injin nan ya buga waya gida an janye buhunan, an ba na ƙasa kwana uku a mako. Ya ce barkononsa zai ɗan ragu bana, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ba za mu yi masa alkawarin da ba a hannunmu yake ba. Abin da muka sani shi ne Buhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda yake da rarar ruwa ya hana mabuƙaci, kuma buhu biyu na barkono ba su kai a tsaya da wannan a gaban Allah ba.

Yau kafin ka yi alwala, ɗan'uwa, dubi butar da ke hannunka. Da kuɗi aka sayo ruwan, shi ya sa kake lallaɓa shi. Na kogin gida kyauta ne, amma akwai mai jiransa a ƙasa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare garuruwanmu daga fari da ambaliya, Ya hana mu cin haƙƙin wanda ba ma gani. Amin. Barkanmu da Juma'a.