Abin da Ba a Ba Ka Ba

Mabiya addinin Buddha, kamar mutanen Thailand da Siri Lanka, suna ɗaukar wa kansu alkawari biyar: ba kashe mai rai, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba shan abin maye. Na biyun ne ya tsaya mana a rai, domin lafazinsa shi ne: kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba.

To jama'a, mu dubi kanmu. Mai lotsa gindin mudu a kasuwar Wuse, da direban da ya yi gum da canjin fasinja a tashar Utako, ba sa kiran kansu ɓarayi. Amma wa ya ba su?

Mu da nema ya kawo mu Abuja, amana ce jarinmu. Ranar da ta ƙare, sai naɗe tabarma.