Wanda Ya Zauna Gida Ranar Zaɓe, Ya Kuɓuta Daga Alhaki?

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Damargu, tun daga Tanut har Belbeji, mas'alar da muke son mu duba tare da ku a wannan fitowa ita ce: mutumin da aka kira shi ya zaɓi waɗanda za su riƙe al'amuran garinsa, sai ya zauna gida ya ce babu ruwansa, shin ya fita daga alhakin abin da ya biyo baya, ko kuwa yana da nasa rabo a ciki?

Wani zai ce wannan magana ba lokacinta ba ne, domin a yau babu zaɓe a gabanmu. Haka ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari, kana aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. To amma wannan shi ne ya sa muka ga dacewar maganar yanzu. Babu ɗan takara da zai ce muna yi masa talla, babu jam'iyyar da za ta ce muna sukarta. Lokacin da kasuwa ta watse shi ne lokacin da ɗan kasuwa yake zama ya ƙidaya ribarsa da hasararsa.

Mu fara da tuna abin da ya gudana. A zaɓuɓɓukan 1993 da na ƴan majalisar dokoki na Janairu 1995, wajen kashi ɗaya bisa uku ne kawai na masu rajista a Nijar suka jefa ƙuri'a. A ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli 3,747 na ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa, kuma waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. An sake zaɓen ƙananan hukumomi a Disamba 2009, wanda ƴan adawa suka ƙaurace masa, sai na 11 ga Janairu 2011, sai na 13 ga Disamba 2020. A gundumar Tanut, majalisun da ake zaɓa su ne na Tanut, Gangara, Ollelewa, Falanko da Tenhiya. Tarka kuwa ta koma ƙarƙashin Belbeji tun da aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta a 2011.

Adalci ya wajabta mana mu fara da masu uzuri, kada mu ɗora wa kowa laifin da ba nasa ba. Zaɓen 2004 ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da manomin Damargu ba ya iya barin gonarsa ko da yini guda ba tare da ciyawa ta ci shi ba. Makiyayin Tenhiya yana bin ruwa da ciyawa, sau da yawa tsakaninsa da rumfar zaɓe tafiyar yini ce bisa raƙumi. Zaɓen Disamba da na Janairu suna tarar da samarinmu sun tafi cin rani Agadas, Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Ga tsoho, ga maras lafiya, ga matar da ba ta da takardar haihuwa balle katin zaɓe. Waɗannan duka ba da su muke ba, Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Haka kuma mun san akwai malamai da ɗalibai da suka ƙi zaɓe bisa fahimtar da suka yi wa addini. Saɓaninmu da su saɓani ne na ilimi, a zauren karatu ake warware shi, ba da zagi ba.

Wanda muke nufi shi ne mai lafiya, mazaunin gari, da katinsa a aljihu, rumfar zaɓe tana cikin lakwal ɗin unguwarsu, amma ya wuni a gindin bishiya yana shan shayi. Idan aka tambaye shi, hujjojinsa uku ne, kuma ya kamata a saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: duk ɗaya suke, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Muna cewa, wannan magana tana iya samun masauki game da mutanen Yamai waɗanda ba mu taɓa gani ba sai a hoto, amma ba ta da masauki game da ɗan takarar kansila. Shi ɗan garinmu ne. Mun san mahaifinsa, mun san yadda yake awo a kasuwa, mun san ko yana biyan bashi, mun san yadda ya yi da dukiyar marayun ɗan'uwansa. Wanda ya san wannan duka game da mutum biyu, sa'an nan ya ce duk ɗaya suke, bai faɗi gaskiya ba. Ƙuri'a a irin wannan wuri shaida ce, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya yi hani ƙarara ga ɓoye shaida. Mai ɓoye shaida ba ya ƙarya da bakinsa, amma shirunsa yana ba maras gaskiya nasara, kuma a nan laifinsa yake.

Hujja ta biyu: mutumin kirkin da nake so yana cikin ƙaramar jam'iyya, ba zai ci ba, ƙuri'ata za ta tafi banza. A nan rashin sanin yadda ake rabon kujeru ya cuce mu ƙwarai. A tsarin da aka bi, ba a cewa wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayenta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, kana kansilolin su zauna su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Mu buga misali domin fahimta: majalisa mai kujeru 11, aka jefa ƙuri'a 5,500. Ke nan kujera ɗaya tana tsayawa a wajen ƙuri'a 500, abin da ƙauyuka uku ko huɗu za su iya haɗawa idan bakinsu ya zo ɗaya. Idan kuma manyan jam'iyyu biyu suka tashi da kujeru biyar-biyar, mai kujera ɗayan nan shi ne zai ce ga wanda zai zama magajin gari.

Tarihin ƙasarmu ya nuna haka ko a majalisar dokoki. A zaɓen Janairu 1995 kujeru 83 ne, rinjaye yana bukatar 42. MNSD ta samu 29, PNDS ta samu 12, jimla 41. Ƙananan jam'iyyu biyu masu kujera ɗai-ɗai ne suka cika musu 43, har shugaba Mahamane Ousmane ya zauna da firaminista daga ɓangaren adawa. Kujera ɗaya ba abin rainawa ba ce.

Sai dai kada a fahimce mu a karkace. Ƙanƙantar jam'iyya ba shaidar tsarkinta ba ce. Mun ga ƙananan jam'iyyu da aka kafa domin ciniki, mai kujera ɗaya ya kwana nan ya tashi can, gwargwadon wanda ya fi tsoka. Mun kuma ga mutanen kirki a cikin manyan jam'iyyu. Ma'aunin da addini ya ba mu wajen ɗora mutum bisa aiki siffofi biyu ne, iyawa da amana, kamar yadda malamai suke cirowa daga ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Abin da muke hani gare shi shi ne mutum ya ga mai iyawa da amana, ya bar shi don kawai tutarsa ba ta da yawan motoci.

Akwai wani abu kuma da mai zama gida bai lura da shi ba. A misalin da muka buga, idan rabin mutanen suka ƙi fitowa, kujera ta faɗo daga ƙuri'a 500 zuwa 250. Wa ya ci ribar wannan rahusa? Mai raba sukari da sabulu da atamfa da jika guda-guda a daren zaɓe, da mai motar kwasar mutane. Shi ba ya bukatar ya saye gari duka, ya ishe shi ya saye kaɗan, sauran su yi zamansu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya ƙi sayar da ƙuri'arsa ya kyauta, amma idan ya ƙi jefa ta, ya sauƙaƙa wa mai saye cinikinsa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba mu raina ta: mun zaɓa an rusa. Zaɓen 7 ga Fabrairu 1999 Kotun Ƙoli ta soke sakamakonsa a wurare da yawa, kuma ba a kai ga zaman majalisun ba aka kashe shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a ranar 9 ga Afrilu. Majalisun 2009 sun tafi bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Na 2020 sun tafi a 2024. Mai faɗin haka bai yi ƙarya ba. To amma mu tuna da ɗaya gefen. Kansilolin da aka zaɓa a 2011 wa'adinsu shekara 5 ne, aka yi ta ɗage zaɓe har suka kusa shekara 10. Wanda ya yi ƙyuyar yini ɗaya a Janairun 2011 ya zauna kusan shekara goma ƙarƙashin zaɓin wasu. Waɗanda aka zaɓa a 2004 kuwa, da su muka shiga yunwar 2005 bayan fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin gona. Kuma mu mutanen Damargu mun fi kowa sanin cewa manomi ba ya ƙin shuka don bara damina ta yi gardama. Shuka aikinsa ne, ruwa na Allah ne. Abin da za a tambaye shi shi ne aikinsa.

Kada kuma wani ya ɗauka kujerar kansila abin wasa ce. A hannun ƙaramar hukuma takardun haihuwa da na aure suke, da harajin kasuwa, da kula da rijiyoyi da azuzuwan lakwal da ɗakunan shan magani. Magajin gari shi yake shugabantar kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993, kuma a ƙasa irin tamu, inda gona da makiyaya suke gogayya, shata burtali daidai yana iya hana zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. A ƙasar Ollelewa matatar mai ta SORAZ take tun 2011, kuma ƙauyukan da ke kewaye da ita suna bukatar bakin da zai yi magana da sunansu. Wanda ya ce babu ruwansa da wanda zai riƙe waɗannan, ya ce ke nan babu ruwansa da maƙwabcinsa.

Saboda haka amsarmu ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce: mai uzuri ya kuɓuta, amma mai iko da sani wanda ya zauna don ƙyuya ko don raina ƙuri'arsa bai kuɓuta ba. Alhakinsa bai kai na azzalumin da ya hau kujera ba, bai kuma kai na wanda ya sayar da shaidarsa ba, amma yana da nasa gwargwado.

Me ya rage mana a yau da akwatin yake rufe? Wajibin bai rufe ba. Har yanzu ana zaɓen kwamitin rijiya, da na iyayen yara a lakwal, da na bankin hatsi, da na masallaci, sau da yawa da ɗaga hannu a dandalin gari. Mu halarta, mu faɗi abin da muka sani game da mutum ko da ɗan'uwanmu ne, mu tsaya wa mai amana ko da shi kaɗai ne. Mu nema wa matanmu da ƴaƴanmu takardun haihuwa tun yanzu. Wanda bai saba ba da shaida a kan ma'ajin rijiya ba, ba zai iya ba da ita a kan magajin gari ba ranar da aka sake tambayarsa.

Allah Ya gafarta mana sakacinmu, Ya ɗora mana mafifitanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.