Algus a Ƙarƙashin Kwalta

Kwalta ba dunƙulalliya ba ce kamar yadda ido yake ganinta. Tsakanin tsakuwa da baƙin man da ya riƙe ta akwai ƙananan guraben iska, waɗanda injiniyoyi kan tsara su tsaya wajen kashi 4 cikin ɗari. Da zarar sun haura kashi 8 sai su fara haɗewa, ruwan damina ya sami hanya, ya raba tsakuwa da mai, titi ya soma fashewa.

Sau da yawa abin da ke sa guraben su yi yawa shi ne kwaltar ta huce kafin rola ta gama danne ta. Ranar buɗe titi babu mai ganewa.

To, alhakin aibin da ido ba ya gani yana wuyan wa? Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshin ruwan sama daga ciki, ya ɗauki ɓoyewar a matsayin algus. Hukuncin nan yana hawa kan ɗan kwangilar da ya san rolarsa ta makara, ya ja bakinsa, ya karɓi kuɗinsa cif, ya bar direbobi da kauce wa ramuka tun daminar farko.