Gishirin Tukunya da Nonon Uwa



A jajiberin idin Ɗaukar Uwarmu Maryamu zuwa Sama, wato yammacin 14 ga Agusta, Ikilisiya takan karanta mana wani ɗan gajeren labari daga Bisharar Luka, sura 11. Ubangijinmu yana cikin koyarwa, sai wata mace daga cikin taro ta ɗaga murya ta sa albarka ga mahaifiyarsa, wadda ta ɗauki cikinsa ta kuma shayar da shi. Bai tsawata mata ba, sai dai ya nuna mata inda albarka ta fi yawa, wato wurin jin maganar Allah da aikata ta. Maryamu ta haɗa duka biyun. Mu lura da wannan da kyau: Ɗan Allah da kansa ya kwanta a ƙirjin mace, ya sha nono, ya yi girma da shi kamar kowane jariri. Abin da Mai Ceto ya rayu da shi ba ƙaramin abu ba ne da za mu ji kunyar ambatonsa a ɗakin sujada. Saboda haka yau za mu yi magana a kan nonon uwa, da wani ɗan abu guda da ya wajaba ya kasance a cikinsa, wanda ake kira aidin.

Da yawa daga cikinmu mun san aidin a matsayin jan maganin nan da ake shafa wa rauni a asibiti. Wancan na shafawa ne kawai, ba a shan sa. Wanda muke nufi shi ne ɗan kaɗan da jiki yake samu daga abinci. A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira tayirod. Ita ce take tattara aidin daga jini, ta haɗa wani sinadari wanda yake tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwa. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai tsokar ta yi ta faman aiki har ta kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. A ƙauyukan da muke zagayawa domin Misa mun sha ganin iyaye mata suna rufe wuya da mayafi saboda shi, mun kuma sha jin ana cewa jifa ne, ko maita, ko aikin kishiya. Ba ko ɗaya. Yawancin maƙoƙo yunwa ce ta abu guda, wadda mai cikakken rumbu ma yana iya fama da ita.

Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, har ma ana auna shi da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum maikirogiram 150 a rana, yaro ƙasa da shekara biyar 90, mace mai ciki ko mai shayarwa kuwa 250. Ku duba, mai goyo ta fi mijinta bukata, ko da shi ne yake wuni a gona. Dalili shi ne, mutum biyu take ciyarwa da baki ɗaya.

A nan ne za mu ga hikimar Mahalicci. Lokacin shayarwa, maman uwa yakan janyo aidin daga jininta ya zuba shi cikin nono, har ya fi yawan wanda yake cikin jinin. Jikinta yana fifita jaririn a kanta. Dakashi, wato nonon farko mai kauri wanda waɗansu suke matsewa su zubar, yana ɗauke da aidin mai yawa, don haka zubar da shi asara ce. Amma mama ba ya ƙirƙirar aidin, abin da ya tarar ne yake ɗauka. Idan uwa ta ci isasshe, nononta zai wadata. Idan abincinta ya gaza, nonon zai ci gaba da zuwa fari tas, yaro ya sha ya ƙoshi, alhali abin da ƙwaƙwalwarsa take jira ya ragu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jariri kuwa ba shi da wata ajiya ta kirki a jikinsa, kuma a watanni shida na farko, da ake so ya sha nono zalla, ba shi da wata hanyar samu sai ta wurin mahaifiyarsa. Ba a ba jariri gishiri a baki. Gishirinsa yana bi ta tukunyar uwa ne.

Me ya sa muke ɗaga murya a kan wannan? Domin daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam take ginuwa da sauri, kuma abin da ya ɓaci a wannan lokaci da wuya ya gyaru daga baya. Tsananin rashin aidin yana kawo ɓari, da haihuwar gawa, da kurumta, da tsumburewa, da taɓuwar hankali. Matsakaicin rashi kuwa ba ya nuna kansa a fuska. Sai yaro ya shiga makaranta, ko ajin katikisma, a ga ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi. Wa ya san yara nawa muka yi wa hukunci a kan laifin da ba nasu ba?

Littafin Sarakuna na biyu, sura 2, ya ba mu labarin mutanen Yariko da suka kawo kuka wurin annabi Elisha. Garinsu yana da kyau, amma ruwansu ba shi da kyau, ƙasar kuma tana jawo ɓari. Annabin ya sa aka kawo masa gishiri cikin sabon kasko, ya je har idon ruwan ya zuba, Allah kuma ya warkar da ruwan. Har yau firist yakan tuna da wannan al'amari sa'ad da yake sa wa gishiri albarka domin ruwa mai tsarki. Ba muna cewa aidin ne Elisha ya zuba ba. Ikon Allah ne ya yi aikin. Amma darasin a fili yake: annabin ya je mafarin ruwa ne, bai bi gida gida yana gyara randuna ba. Ga jariri, uwa ce mafarin ruwa.

Aidin ya fi yawa a teku. Ƙasashen da suke nesa da teku, musamman na tuddai inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa, irin su sassan Filato da Binuwai, hatsinsu da ruwansu sukan rasa shi. Haka abin yake a tsaunukan Suwizalan, inda aka soma zuba aidin cikin gishirin ci a 1922, maƙoƙo kuwa ya ja da baya ƙwarai. A 1990 shugabannin duniya suka taru a Niyok domin yara, suka ɗauki alkawarin kawar da wannan cuta. Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishiri a 1993, a 2005 kuma ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cim ma wannan buri. Mun gode wa Allah. Sai dai takardar shaida ba ta shiga tukunya. Abin da ya shiga miyar gidanka yau shi ne zai shiga nonon matarka gobe.

To, me za mu yi?

Ku magidanta, ku ne kuke ba da kuɗin cefane. Ku sayi gishirin da yake cikin ledarsa a rufe, mai alamar aidin da lambar NAFDAC. Gishirin da aka baje a faranti yana shan rana da raɓa a kasuwa yakan rasa aidin ɗinsa, gishirin gargajiya da ake haƙowa ko dafawa kuwa galibi ba a sa masa. Bambancin kuɗin bai kai na kwalbar giya ɗaya ba. Ku kuma tuna da mai jego wajen ƙwai, da nonon shanu, da kifin teku, domin duk suna ɗauke da aidin. Ba daidai ba ne maigida ya cinye kifi, mai shayarwa ta tashi da romo.

Ku iyayenmu mata, ku adana gishiri cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da murhu da danshi. Ba muna cewa ku ƙara yawan gishiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Mai kyau ake nema, ba mai yawa ba. Rogo kuma a jiƙa shi, a sarrafa shi sosai kafin a ci, gama wanda ba a gyara da kyau ba yana da wani dafi da yake hana jiki amfani da aidin. Hayaƙin taba ma yana rage aidin cikin nonon mai shan ta.

Ku kakanni da surukai, masu kula da wankan jego, muna girmama wahalarku. Amma ku sani kanwa ba ta maye gurbin gishiri mai aidin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciya da yake kama masu jego. Ku sassauta.

Ku 'yan Zumuntar Mata da katakis, ku kai wannan magana ƙauyuka. Mai ciki da mai goyo su riƙa zuwa awo, su tambayi ma'aikatan lafiya ko suna bukatar ƙarin aidin. Kada kowa ya sayi ƙwaya ya sha da ka, domin yawansa ma yana cutar da tayirod na uwa da na ɗa. Jaririn da ya cika barci, ba ya kama nono da ƙarfi, shawara ta daɗe a jikinsa, ko bayan gida yana yi masa wuya, a hanzarta kai shi asibiti.

Kalma ta ƙarshe ga iyayen da suke renon yaron da wannan rashi ya riga ya taɓa. Ba ku yi zunubi ba, yaronku kuma ba la'ana ba ne. Siffar Allah tana kansa cikakkiya, wurinsa a gaban bagade daidai yake da na kowa. Amma mu da muka ji yau, ba mu da sauran hujjar cewa ba mu sani ba. Ubangiji ya kira almajiransa gishirin duniya, ya kuma gargaɗe mu game da gishirin da ya sane. Bari kowane gida ya duba gwangwanin gishirinsa kafin Lahadi mai zuwa.

Maryamu, wadda ta shayar da Mai Ceto, ta yi roƙo domin dukan masu ciki da masu goyo na wannan Dayosis. Allah Mai Iko Duka ya albarkace ku, Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Amin.