Fita Ba Ayari

A Katsina, duk wanda ya ce zai yi tafiya, tambaya biyu ke jiransa: "Lafiya?" da kuma "Kai da wa?" Ta farko dalili take nema, ta biyu abokin hanya. Ni da nake shirin kwana huɗu a Iskandariyya ta ƙasar Masar cikin watan Afrilu, ba ni da amsa mai gamsarwa ga ko ɗaya. Ba fatauci zai kai ni ba, ba karatu ba, ba ganin likita ba. Teku nake son gani, a lokacin da bazara ke gasa mu a nan, can kuwa iska na kaɗawa da sanyi-sanyi. Shin mutum yana da haƙƙin ya tafi don ya gani kawai, kuma shi kaɗai?

Hanyar dai ba baƙuwarmu ba ce. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas sun daɗe suna sauke kaya a birnin nan. Ta wannan hanya Barth ya baro Tarabulus a 1850, ya iso Katsina a 1851. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Sai dai kowannensu da uzurinsa ya fita, kuma babu mai ratsa hamada shi ɗaya. Madugu ne ya san inda rijiya take. Wanda ya ware daga ayari ya sayi ajalinsa. Yau jirgin sama ne daga Kano zuwa Alƙahira, sannan jirgin ƙasa na 'yan sa'o'i. Ƙishirwar da ta wajabta ayari ta kau.

Amma ayari yana da wani aikin da ba a cika faɗa ba: shaida ne. Idon sani yana tsare mutum, kuma mai tambayar "kai da wa?" sau da yawa abin da yake nufi shi ne, wa zai gan ka? Ban raina wannan tsoro ba, na san abin da baƙunta ke yi wa wasu. Duk da haka, kirkin da ba ya tsayuwa sai da mai kallo, na mai kallon ne. A garin da babu wanda ya san sunan mahaifina, can zan san ko ni ke tashi sallar asuba ko kunyar maƙwabta ke tashe ni. Ina sane kuma cewa wannan magana ta namiji ce; ƙanwata da ta fi ni son teku ba za a ma kai ga yi mata tambaya ta biyu ba.

Batun kuɗi ya fi nauyi. Akwai mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya, kuma kuɗin tikitina zai ciyar da gida guda na watanni. Ba zan ce zamana ba zai canza kome ba, domin zai canza wa wannan gidan. Abin da na lura da shi shi ne, ba ma ɗora wannan ma'auni a kan akwatunan lefe, ko a kan Umara ta biyar. Ashe ba almubazzaranci muke ƙi ba, kashe kuɗin da ba mu saba gani ba muke ƙi. Wannan bai wanke ni ba, ya dai sa mu duka a layi ɗaya. Iyakar da na iya ja ita ce: iyali, bashi, zakka da haƙƙin maƙwabci su riga tikiti, kuma in ware wa wancan gidan rabonsa kafin in biya masauki.

Saura tekun kansa. Samari daga ƙasar nan suna bi ta Maraɗi da Agadas zuwa Libiya, su hau kwalekwalen roba, wasunsu ruwan nan ne kabarinsu. Ni da biza zan je, in kewaya ganuwar Ƙaitabai da aka gina a gurbin tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa, in ziyarci kabarin Busiri mai Burda. Da yamma zan zauna a bakin gaɓa in fuskanci arewa, Libiya tana hannuna na hagu.